Gargaɗi ga masu tirelar tafi-da-gidanka a Amurka: ku kiyayi mai tallan ɗaga jak

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada, musamman waɗanda suka mallaki tirelar nan ta tafi-da-gidanka da ake ja da mota zuwa wuraren shaƙatawa idan yara sun samu hutu. Akwai wani mutum da ke yawo da talla a Facebook Marketplace da zaurukan WhatsApp na mutanenmu, yana cewa yana da kayan ɗaga jak ɗin tirela, wato ƙafafun ƙarfen da ke tallafe ta idan an ajiye ta, domin su daina gugar ƙasa. Ɗan damfara ne. Mutumin da ɗan damfarar ya karɓe wa kuɗi ya gudu, shi ne ma abin ya zo wa da sauƙi. Wanda ya bari ya taɓa masa tirela kuwa, rayukan iyalinsa aka jefa cikin haɗari. Ban kama suna ba domin sunan da yake amfani da shi yau ba shi ne na watan jiya ba, lambar waya ma haka. Salon aikinsa ne ba ya canzawa, shi ya sa zan bayyana shi dalla-dalla.

Matsalar da yake fakewa da ita gaskiya ce, duk mai irin wannan tirela ya san ta. Jak ɗin baya suna rataye ne a ƙarƙashin shasi, bayan tayoyi, inda jikin tirela ya yi tsawo ba tare da abin da ya tallafe shi ba. Ka zo shiga gidan mai ko harabar gida mai ɗan tudu, motar ta hau, gaban tirela ya ɗaga, bayanta ya sauka, sai ka ji ƙarar ƙarfe a kan kwalta. Wata rana ƙafar jak ce za ta lanƙwashe, wata rana gaba ɗayansa zai tsinke. Mutum na cikin wannan takaici sai ya ga hoton tirela tsaye tsaf, an rubuta cewa ana ƙara inci 8 cikin yini ɗaya, kuma a rabin kuɗin da gareji ke karɓa.

Idan ka tuntuɓe shi, da Hausa zai gaishe ka, ya tambayi iyali, ya ce ai mu duka baƙi ne a ƙasar nan, bai kamata Bature ya cinye maka kuɗi ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin zamba cikin aminci ce. Daga nan sai ya nemi kafin alƙalami ta manhajar tura kuɗi ta Zelle, ko ta PayPal amma a zaɓi ɓangaren aika wa dangi da abokai, wai don kada a cire masa kaso. Wasu tun daga nan ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu ya aiko musu da kwali, wasu kuma ya zo har gida da injin walda a bayan mota.

Aikina walda ne da gyaran tireloli, kuma an kawo mana ɗaya daga cikin waɗanda ya taɓa. Da na shiga ƙarƙashinta, abin da na fara gani shi ne ƙarfen da ya rataye jak a kai: falle ne siriri, irin wanda za ka lanƙwasa da filaya, an fesa masa baƙin fenti don ya yi kama da na kamfani. Kan kusoshin sumul yake, babu alama ko ɗaya. A nan Amurka, kusa mai daraja ta 5 tana da layi 3 a kanta, mai daraja ta 8 tana da layi 6. Wadda babu komai a kanta ita ce mafi rauni, ba a ɗora mata nauyin gida. Waldar kuma ya yi ta ne a kan tsatsa da fenti, ta taru gudaji-gudaji ba ta kama ƙarfen ciki ba. Na sa guduma na buga sau ɗaya, gefe guda ya rabu. Ya kuma ƙona rufin wayar birki da ke bin jikin shasi, har jan ƙarfen ya fito fili.

Abin da ya fi wannan muni yana wurin aksil, wato bututun ƙarfen da tayoyi ke haɗe a kansa. Akwai gyaran da aka sani, wanda masu sana'a ke yi: idan sifirin yana ƙarƙashin aksil, sai a mayar da shi sama, a sa masa sabon mazauni. Tirela za ta ɗaga daidai kaurin bututun aksil da kaurin sifirin a haɗe. Bututun aksil mai ɗaukar fam 3,500 kaurinsa inci 2 da 3/8 ne, na fam 5,200 zuwa 7,000 kuma inci 3. Ka haɗa da sifirin da mazauninsa, abin da ake samu yawanci inci 4 zuwa 6 ne. Kamfanin Dexter, da ke ƙera aksil a Elkhart ta jihar Indiyana, garin da ya shahara da ƙera waɗannan tireloli, yana sayar da kayan wannan gyara. Shi wannan mutumin ba ya sayen komai. Kwance aksil yake yi, ya juya shi ƙasa ta koma sama, ya mayar da tsofaffin ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin, ya ɗaure.

Ba a juya aksil haka. An ƙera shi ne da ɗan lanƙwasa a tsakiya mai kallon sama, domin idan nauyi ya hau ya miƙe, tayoyi su zauna daidai a kan hanya. Idan aka kifa shi, saman tayoyin zai karkata ciki, gefen ciki ya riƙa cinyewa har taya ta fashe ana tsakiyar gudu. Birkin lantarki ma yana da yadda aka tsara ya zauna, na dama daban na hagu daban, kifa shi yana rage masa kamu. Su kuma ƙarafan U, da zarar an ɗaure su sau ɗaya sun miƙe, sababbi ake sawa. Sannan akwai tirelolin da aksil ɗinsu ba ya amfani da sifirin sam, roba ce a cikin bututun, irin wanda Dexter ke kira Torflex. Wannan ba shi da sifirin da za a mayar sama, kuma zafin walda yana lalata robar da ke ciki. Na ga saƙon da ya tura wa wani mai irin wannan aksil yana ce masa duk ɗaya ne. Wanda ya faɗi haka bai san aikin ba, ko kuma ya sani bai damu ba.

Wata ƙaryar da yake yi ita ce, bayan ya gama za ka iya ɗaga tirela da jak ɗin kusurwa ka canza taya. Jak ɗin nan masu kama da almakashi da ke kusurwoyi huɗu an yi su ne don hana tirela girgiza idan ana tafiya a ciki. Ba a ɗaga tirela da su. Masu daidaita tirela da kansu, na lantarki ko na mai, irin na kamfanin Lippert, su ne ke ɗaukar nauyi, kuma ko su ba a shiga ƙarƙashi a dogara da su.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ɗauki igiya. Ka ajiye tirela a shimfiɗaɗɗen fili marar tudu tana haɗe da mota, ka ja igiyar daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa ƙasan bambar baya. Duk abin da ya leƙo ƙasa da wannan igiya shi ne zai fara gugar hanya. Idan jak ɗinka yana sama da ita, ba shi ne matsalar ba. Ka duba kuma ko gaban tirela ya fi bayanta tsawo, domin sau da yawa ƙwallon jan da ke bayan mota ne ya yi sama, sauke shi kaɗan yana ɗaga bayan tirela ba tare da an taɓa komai ba. Jak masu daidaita kansu yawanci suna da jerin huji a jikin mariƙinsu, ana kwance kusoshi a matsar da su sama huji ɗaya ko biyu. Sai dai ka sani, abin da ka ƙara a sama ka rage shi ne a tsawon da ƙafar za ta kai ƙasa, don haka za ka riƙa sa katako a ƙarƙashi, kuma sai an sake saita na'urar ta san inda daidai yake. Wani lokaci matso da jak kusa da taya kawai ya wadatar.

Idan har sai an ɗaga tirelar gaba ɗaya, a kai ta gareji mai adireshi, mai rasit, mai inshora. A tambayi kamfanin da ya ƙera ta ko aikin zai soke garanti. Bayan an gama a sake auna tsayinta har saman na'urar sanyaya ɗaki, domin a jihohi da yawa iyakar tsayi ƙafa 13 da inci 6 ce, kuma akwai gadoji da ba su kai haka ba. Tirelar da aka ɗaga ta fi jin iska da kwana, dole a rage gudu.

Batun kuɗi kuwa, Zelle da kansu suna cewa a yi amfani da su ne da wanda aka sani aka yarda da shi, ba su da kariya ga mai sayen kaya. PayPal na ba da kwana 180 a shigar da ƙorafi idan kaya bai iso ba, amma sai idan ta ɓangaren sayen kaya aka biya, wanda shi ne mutumin nan ke hana mutane zaɓa. Katin kiredit ya fi duka, domin dokar tarayyar Amurka ta 1974 ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko maka takardar lissafi ka ƙalubalanci cajin a rubuce.

Wanda abin ya riga ya shafa, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun nan ne ke ba shi damar komawa wani zauren da sabon suna. Ka ɗauki hoton duk hirarku da shaidar biya kafin ya goge shafin, ka kira bankinka yau, ka kai rahoto ga hukumar FTC mai kare masu sayen kaya da cibiyar IC3 ta FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet, ka sanar da shugabannin zauren da ka ga tallan. Idan kuma ya taɓa maka aksil ko ya yi walda a shasi, kada ka ja tirelar nan ko zuwa gareji ne. Ka kira makanike ya zo ya same ta inda take, ko a ɗauke ta a kan babbar mota.