Hattara da masu tallar "siririyar" kujerar yara ta mota

Assalamu alaikum iyaye, musamman waɗanda Allah ya ƙara wa haihuwa alhali mota ɗaya ce a gidan. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, to jiya da dare na sake cin karo da tallan mutumin nan. Ya sauya sunan shafi, amma hotunan da ya yaudare ni da su suna nan, mata kuma sun yi layi a ƙasa suna tambayar nawa ne. Na kasa barci. In na yi shiru wata ta ɗaura ɗanta a cikin abin nan, ban san me zan ce wa Allah ba.

A Kaduna muke zaune, ni malamar makaranta ce. Babbar 'yarmu shekararta shida, ƙaninta uku, sai ga cikin na uku ya tsufa. Motarmu Corolla ce 'yar Beljiyam, kuma kusan duk wata sai mun kama hanyar Zariya zuwa Kano gaishe da iyaye. Kujerun yara biyu da muke da su faffaɗa ne, in an ɗaura su abin da ke saura a tsakiya bai fi tafin hannu biyu ba. Da na kawo maganar a gaban surukata, sai ta ce, "Ke 'yar nan, ki rungume shi a cinya mana, ai haka muka raini namu." Na ce, "To Hajiya, Allah ya tsare." Ban ja da ita ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe jariri a wannan lokacin, komai son da take masa. Kuma wa ke gudun 50 a hanyar Kano?

Wannan damuwar ce mutumin ya kama ni da ita. Ya san matsalarmu sarai: iyali suna ƙaruwa, mota ba ta ƙaruwa, sayen babbar mota kuma ba yau ba. A tallansa akwai bidiyon kujeru uku a jere a bayan ƙaramar mota, tsaf-tsaf, da yara uku suna dariya. Ya rubuta cewa daga Turai aka shigo da su, ragowar kwantena ce, naira dubu 45 kowace ɗaya. Na yi masa magana ta WhatsApp. Bakinsa kamar zuma. "Hajiya, saura biyar kacal, wallahi in ba ki tura yau ba wata za ta kwashe." Na tambayi shago, ya ce sito gare su a Legas, ba sa buɗe shago don kada kuɗin haya ya hau kan kaya. Na ce a kawo in gani in biya, ya ce an sha cinye musu kuɗin mota, sun daina. Lambar asusun da ya turo ma sunan wani ne daban, ya ce ƙaninsa ne mai riƙe musu kuɗi. Duk na ga waɗannan alamun da idona. Amma wata tara ya kama, ƙafafuna sun kumbura, ina so in gama da maganar kafin in haihu. Na tura kuɗin guda uku.

Bayan kwana tara direba ya kira daga tasha. Abban yara ya je ya dawo da buhu ɗaya rak, naɗe da salatif, yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Tun daga nan gabana ya faɗi.

Bari in kwatanta muku abin da ke ciki, don ku gane shi ko da wane suna aka kawo muku. Yadi ne mai launi da soso a ciki, kaurinsa bai wuce na dardumar sallah ba. A wajen jingina an cusa wani abu kamar kwali don ya miƙe. Igiyoyinsa irin na jakar makaranta ne, maƙullin ma na roba ne irin wanda ake matsawa da yatsa biyu ya buɗe. Babu ƙoƙon roba mai tauri, babu ƙarfe, babu abin da zai tare kan yaro ta gefe, babu inda bel ɗin mota zai bi ya riƙe shi. Da igiya biyu ake ɗaure shi a jikin kujerar mota kamar an goya shi. Abban yara ya taka ƙasan da ƙafa ya fizgi igiyar kafaɗa sau ɗaya, muka ji ɗinkin yana ɓarkewa. Hannun mutum ke nan, ba karon mota ba. Siririya ce kam, domin an cire duk abin da ya sa kujera ta zama kujera.

Na kira yayata da ke aure a Ingila ta bidiyo, na ce, "Yaya, dubi abin da aka aiko mini." Tana gani ta yi salati. Ta ce, "Kada ki kuskura ki sa mini yaro a cikin wannan." A can an san su tun 2014, lokacin da jami'an kula da ingancin kaya na yankin Surrey suka yi gargaɗi a kansu. Kamfanin Britax mai ƙera kujerun yara ya gwada irinsu da 'yar tsana mai girman yaro ɗan shekara uku a gudun mil 30, kusan kilomita 48, igiyoyin suka saki, 'yar tsanar ta yi sama ta yi gaba. Haramun ne a sayar da su a can a matsayin kujerar mota, shi ya sa ake neman kasuwar da ba a san su ba.

Ita ce ta koya mini duba takardar shaida. Kujerar da aka yi wa Turai tana da sitika mai ruwan lemo a bayanta ko a ƙasanta. A jiki akwai harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince da ita: 1 Jamus, 2 Faransa, 4 Holan, 11 Birtaniya. Sannan za a ga R44/04, wanda ke bin nauyin yaro, ko R129, sabon tsarin da aka fara a 2013 mai bin tsayin yaro. Tun 1 ga Satumba 2024 ma ƙasashen Tarayyar Turai suka daina sayar da sabbin kujerun R44. Wadda aka yi wa Amurka kuwa farar takarda ce a jikinta, mai cewa ta cika ƙa'idar tsaron motoci ta gwamnatin tarayyarsu, da sunan kamfani, da lambar samfuri, da ranar da aka ƙera ta. Ta gaske tana zuwa da littafin bayani. Nawa guda ukun ko ɗigon rubutu babu a jikinsu.

Da a nan na tsaya, da asarar ta zo da sauƙi. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, domin na lura damfarar hawa biyu ce.

Na kira shi raina a ɓace. Maimakon ya gudu, sai ya hau ba ni haƙuri. Wai yaran sito ne suka yi kuskure, suka haɗa mini na talla. Ya ce akwai na asali, gwanjon Landan masu ƙoƙo, in na cika dubu 30 zai aiko da ta jariri tukuna in gani, sauran biyun su biyo baya, na yadin kuma in riƙe kyauta. Wanda ya riga ya zuba kuɗi a rami yakan so ya yarda cewa za su fito. Na cika.

Wannan karon kujera ce mai ƙoƙo ta iso, rigarta wankakkiya har da ƙamshi. Ga sitika mai ruwan lemo a baya. Har na fara hamdala, sai Yaya ta ce in sa farce a gefen sitikar. Ta ɗago kamar takardar biredi. Bugun kwamfuta ce aka manna da gam, ƙarƙashinta kuma ga sawun inda aka kankare ta asalin. Ta ce in cire rigar gaba ɗaya. Farin soson nan mai tauri da ke wajen kai, wanda aikinsa shi ne shanye bugu, ya rabe biyu an liƙe shi da gam. A jikin robar, daidai inda bel ke bi, akwai fararen layuka irin na bokitin da aka lanƙwasa. A ƙasa kuma na sami wani ɗan zagaye kamar agogo da aka zuba tare da robar, kibiyarsa tana nuna shekarar 2011. Kamfanoni kan ba kujera wa'adin shekara shida zuwa goma ne, saboda roba tana gajiya, balle a ranar ƙasarmu da mota ke zama kamar tanda. Wannan ta wuce wa'adinta da nisa, kuma duk alamu sun nuna ta taɓa shiga haɗari. Kujerar da ta sha mummunan karo ta gama aikinta, ko da ido bai ga tsaga ba.

Na tura masa hotuna. Ya karanta, ya toshe lambata.

A ganina ta biyun ta fi ta farkon haɗari nesa ba kusa ba. Ta yadin, duk mai hankali in ya riƙe ta zai yi shakka. Ta biyun kuwa da na ɗaura jaririna a ciki na kama hanyar Kano hankalina kwance, ina ganin na sauke nauyin da ke kaina. Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka. A 2019 tashar CNN ta sayi jabun kujerar Doona ta intanet, aka gwada ta a cibiyar binciken sufuri ta Jami'ar Michigan, ta farfashe a gudun mil 30.

Siririyar kujera ta gaske akwai ta, amma ba ta da araha kuma ba ta da sauƙin ɗauka. Irin su Diono Radian faɗinsu inci 17 ne, kusan santimita 43, kuma nauyinsu daga kilo 10 ne zuwa sama, domin ƙarfe aka sa a ciki ya maye gurbin faɗin da aka rage. Uku a jere suna neman wajen santimita 130. Saboda haka duk wanda ya ce miki tasa siririya ce, ga ta sakayau, ga ta a rabin kuɗi, to ƙarya yake yi a ɗaya daga cikin ukun, ko ma duka.

Yadda muka warware tamu daga baya ba wani abin mamaki ba ne. Abban yara ya ari tef ɗin awo wajen telan unguwa, ya auna bayan motar daga ƙofa zuwa ƙofa, ƙofofin a rufe, a daidai wurin da ya fi matsewa. Muka je shago da motar da yaran, muka ce sai an ɗaura a gabanmu kafin mu biya. Mai shagon da ya san kayansa ba ya ƙin wannan. Ashe ma ba sai mun sayi sababbi har uku ba. Babbar ta koma kan siririyar kujerar ɗagawa wadda bel ɗin mota ke bi ta kafaɗarta da cinyarta, ƙaninta ya ci gaba da tasa, jaririn kuma aka saya masa sabuwa mai kallon baya. Tsarin R129 ya wajabta kallon baya har yaro ya kai wata 15, saboda wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukar nauyin kansa a lokacin karo ba. Mun ɗaure su da bel ɗin mota maimakon ƙugiyoyin ISOFIX, wato ƙarafen da ke zuwa a jikin mota don maƙala kujerar yaro, domin ƙugiyoyin a kafe suke wuri ɗaya, bel kuwa yana ba da damar matsar da kujera gefe kaɗan, motoci da yawa ma ba su da ƙugiya a tsakiya. Kowace kujera sai ta kamu da kanta, ba ta jingina da maƙwabciyarta ba. In an girgiza ta a inda bel ya bi kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. A duba bel ɗin tsakiya kuma: in na cinya ne kawai, bai dace da kujerar ɗagawa ba. Wata ƙawata ta ce me zai hana in kai jaririn gaba kusa da ni. A'a. Jakar iskar da ke gaban fasinja in ta fashe a bayan kujera mai kallon baya, ita kanta tana iya kashe yaro.

Gwanjo ba laifi ba ne a karan kansa, na san halin da ake ciki. Amma a wannan kayan, sai daga hannun wanda kika sani kuma kika yarda zai gaya miki gaskiya in ta taɓa shiga haɗari: 'yar'uwa, maƙwabciya, abokiyar aiki. Wadda ta fito daga dila, ba wanda ya san tarihinta.

Na kai rahoto bankina da hoton shaidar tura kuɗi da duk hirarmu, na kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. In ya taɓa ki, kada kunya ta hana ki yin haka, kuma ki yi da wuri, ki adana saƙonnin murya kafin ya goge su. Har yau kuɗina ba su dawo ba.

Ba zan kama suna ba, domin sunan da na san shi da shi ya riga ya yar, wanda yake amfani da shi yau ma gobe zai sauya. Ku riƙe salonsa: bidiyon kujeru uku a jere wanda ba a motarsa aka ɗauka ba, "saura kaɗan", sito a wani gari mai nisa, asusu da sunan wani, sannan in kin yi ƙorafi a ce ki cika kuɗi a aiko da ta asali. Ki ce ya ɗauki bidiyon sitikar da ranar ƙira yanzu-yanzu yana ambaton sunanki, ki ga yadda zai fara kame-kame.

Na yadin guda biyu na sa almakashi na yanke igiyoyinsu kafin in zubar, don kada 'yan bola jari su tsinta su sake shiga kasuwa. Mai ƙoƙon ma Abban yara ya farfasa ta da guduma. Guda ɗaya na ajiye a but ɗin mota, ina nuna wa iyaye a bakin makaranta lokacin tashi. Ranar Alhamis wata uwa ta juya ta a hannunta, ta yi shiru, sannan ta ce irinta ce sak a bayan motar mijinta, wata huɗu ke nan suna ɗaura 'yarsu a ciki.