Murya ko usur: da wanne za a shiga gasar karnukan kiwo?

A gasar karnukan kiwo ta Birtaniya, wadda aka fara a garin Bala na yankin Wales a 1873, makiyayi a gindin turke yake tsayawa, karensa kuma ya ruga kamar yadi 400 ya koro tumaki biyar. To, da me zai yi wa karen magana?

Da murya ake fara koya wa ɗan kwikwiyo kwanciya da zagaye dama ko hagu. Idan an zo shigar da tumaki garke, kare na kusa, ba abin da ya kai ta. Aibinta, ba ta ɓoye abin da ke zuciya. Ranar gasa gaban mutum na faɗuwa, muryarsa ta yi rawa, kare ya ji, shi ma ya rikice. Iska kuma tana cinye ta.

Usur, ɗan ƙarfen nan da ake sa wa a baki, yana kai wa nesa, kuma sautinsa ɗaya ne ko kana fushi. Sai dai koyonsa akwai wahala. Wani sai ya yi makonni yana fesa yawu kafin ya fitar da sauti. Ni dai da shi zan fi ɓata lokacin atisaye.