GARGAƊI: Wannan 'yar na'urar "rage shan mai" da ake talla a Facebook damfara ce

Salam jama'a. Don Allah duk mai mota ya tsaya ya karanta, musamman 'yan uwa masu haya da su ne abin ya fi cinyewa. Akwai wasu mutane da suka cika Facebook da TikTok da tallar wata 'yar ƙaramar na'ura, girmanta bai wuce kwalin ashana ba, koriya ce ta mai fetur shuɗiya ta mai dizal, wai kana soka ta a ƙasan sitiyari shikenan motarka ta rage shan mai. Ƙarya ce tsagwaronta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma har ta tsallake dubu, kowa neman sauƙi yake ido rufe, to wannan halin suka samu suke cin kasuwarsu.

Ga yadda suke yi. Za ka ga bidiyo mai kyau, wani a cikin mota yana nuna gejin mai yana rantsuwa sati guda bai shiga gidan mai ba, a ƙasa kuma ga yabo rututu, "na saya wallahi tana aiki", in ka bi sunayen masu yabon ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar rabinsu ko hoto ba su da shi. Kana yi musu magana su ce ragin farashi yau zai ƙare saura guda uku kacal, ka yi tiransifa a sa maka a mota ka karɓa a tasha. Shago kuwa babu. Ka ce za ka zo ka gani da idonka, a ce maka oga ya yi tafiya.

Kuma fa suna turowa, nan ne wayon yake, shi ya sa mutum ba ya saurin ganewa. A jikin kwalin an rubuta sai ka yi tafiyar kilomita 200 kafin ta "san" motarka. Ka yi 200 ɗin ka kira, a ce ai ba ka danna madannin da kyau ba, sake daga farko. Ka sake, a ce man da kake sha ne ba shi da kyau. Kafin ka farga wata ya wuce, an yi bulokin ɗinka, shafin ya canja suna ya koma tallar wani abu.

Wani maƙwabcina mai Corolla ya saya, da ya gaji muka kai ta wajen mai gyaran wayarin a Ƙofar Ruwa. Mutumin ko mamaki bai yi ba, ya sa sukundireba ya ɓalle murfin ya miƙo mana. 'Yar faranti ce koriya a ciki, da ƙananan fitilu masu walƙiya, da madanni ɗaya, sai wani ɗan baƙin abu da aikinsa kawai ya riƙa kunna fitilun yana kashewa. Ya jona mata wuta daga batir a kan teburinsa, babu mota babu komai, ta kama ƙyaftawa daidai yadda take yi a cikin motar, wai tana "karanta inji". Ya ce mana, Alhaji wane injin take karantawa a nan, teburina?

Ramin da ake soka ta ɗin na gaske ne, shi ne inda makanike ke jona kwamfuta ya duba laifin mota in fitilar cek injin ta kama, mai baki 16, kuma tun 1996 aka wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka, shi ya sa kusan duk tokumbo tana da shi. Amma yawan man da nozul ke fesawa ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke shi, da bayanan da sensa-sensa ke kai mata, kuma abar roba ba ta isa ta sauya mata lissafi ba. A 2017 wani kamfanin binciken tsaron kwamfuta a Faransa, Quarkslab, ya fasa irin waɗannan na'urori ya gwada, ya tarar ko saƙo ɗaya ba ta aika wa motar. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma ta gwada kayan rage shan mai sama da 100 tsawon shekaru ba ta samu wanda ya kawo wani ragi na a zo a gani ba. Har da wannan maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, duk kanwar ja ce. Ni tambayata ɗaya, da abin na yi, Toyota da Honda za su bar shi ne a hannun wani yaro a TikTok?

Wata matsalar kuma, ɗaya daga cikin bakin ramin nan kullum da wuta a jikinsa ko ka zare makulli, don haka tana nan tana tsotsar batir a hankali, in batirinka dama ya fara gajiya kuma ka ajiye motar kwanaki, kana iya wayar gari sai turi.

In motarka na zuƙar mai da gaske, ga inda ya kamata kuɗin nan ya tafi. Duba fulogi, duba matatar iska don ƙurar hunturu toshe ta take yi, a sa kwamfuta a duba sensar iska ta jikin salansa, in ta mutu mota mai kawai za ta riƙa kwankwaɗa. Iskar taya ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Sai babban kuskure, wanda makanikanmu da yawa ba sa son a faɗa: yadda ake cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu da zafi. Inji in bai kai zafin da aka tsara masa ba ƙwaƙwalwar ɗauka take har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai, kai kuma kana ta zargin gidan mai.

Mai gardama ya gwada da kansa: cika tanki har famfo ya katse, mayar da lissafin tafiya sifili, yi zirga-zirgarka, koma famfon nan ka sake cikawa, raba kilomita da lita. Yi da na'urar, yi babu ita, a hanya iri ɗaya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hotunan hirarsu, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, ya kuma shigar a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, sannan ya yi rifot ɗin shafin. Wanda kuma take maƙale a motarsa yanzu haka, ya je ya zare ta. A tura wa direbobi a guruf-guruf don Allah.