Shagon gyaran kwamfuta a Wuse da baƙin allon da suka jawo min

Har yanzu raina a ɓace yake da wannan shagon, duk da cewa a cikinsa aka ceto min aikina. Ba zan kama suna ba. Duk mai shiga Wuse a Abuja neman gyara ya san irinsu, ɗan ɗaki a saman bene, matattun laftof jibge har rufi.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima. Laftof ɗina na hannu ne, mai katin hoto biyu, na Intel da na NVIDIA GTX 1650, kuma Ubuntu 22.04 ne a kansa, wato wani nau'in tsarin Linux, ba Windows ba. Direban da ya zo da shi (manhajar da ke sarrafa katin hoto), mai suna nouveau, yana nuna hoto lafiya lau, amma DaVinci Resolve, abin da nake haɗa bidiyo da shi, ba ya aiki da wannan direban, sai an saka na NVIDIA. RAM na je ƙarawa, sai na ce tunda ga ni ga su, a haɗa min da direban. RAM ɗin dai ba laifi.

Mai shagon ba ya nan, yaronsa ne ya karɓa. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ƙaramin aiki ne." Ya sauko da wani fayil mai ƙarewa da .run daga intanet, duk tambayar da ta fito ya danna mata e ba tare da ya karanta ba, ya kashe ya kunna. Tambarin Ubuntu ya bayyana, ya ɓace, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ɗan farin layi kawai yana ƙiftawa a kusurwar sama. Ya sake kashewa ya kunna, haka. Ya cire caja ya mayar, haka. Sai ya dube ni ya ce wai tsarin ya lalace, sai an yi fomat, wato a goge komai a sake saka tsarin, kuma gara ma a sa min Windows tunda ita kowa ya sani.

Wallahi gumi ya karyo min. Bidiyon bikin mutane ne a ciki, ɗaurin aure da kamu da dina, an biya ni rabin kuɗi, uwar amarya tana kira safe da yamma. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya faɗi maganar fomat ɗin hankali kwance, ko tambayata bai yi ba ko ina da kwafi a wani wuri. Na ce kada ya ƙara taɓa ta, na zauna jiran maigidansa.

Bayan la'asar dattijon ya dawo, kuma gaskiya ya ba ni mamaki. Bai ko zauna ba ya danna Ctrl da Alt da F3 tare, sai ga rubutu ya fito yana neman sunana da kalmar sirri. Ya miƙo min na shigar da kaina, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, kwamfutarka da ranta. Fuskar ce kawai ta ƙi tashi." Abin da ya fara nuna min shi ne fayilolina, suna nan cif. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan kaɗai.

Daga nan ya rubuta nvidia-smi, umarnin duba katin NVIDIA, kwamfutar ta amsa cewa ba ta iya magana da direban ba. Ya rubuta mokutil --sb-state, ta nuna Secure Boot a kunne yake. Ya yi min bayani da Hausa tsantsa: idan Secure Boot na kunne, tsarin ba ya yarda ya loda direban da ba shi da sa hannun da ya amince da shi, kuma wanda yaron ya saka ba shi da shi. Ga shi wajen sakawa an toshe nouveau, an kuma rubuta wani fayil, xorg.conf, mai umartar allo ya bi ta NVIDIA dole. Tsohon direba an hana shi, sabon an ƙi karɓarsa, ka ga an yi biyu babu. Ya ƙara da cewa a laftof mai kati biyu irin nawa, allon yawanci ta Intel yake bi, don haka wannan fayil ɗin shi kaɗai ma ya isa ya jawo duhu.

Ya cire direban da nvidia-uninstall, ya share xorg.conf ɗin, ya jona wayar intanet, ya sa manhajar ubuntu-drivers ta zaɓo direban da ya dace daga rumbun Ubuntu. Wannan da sa hannunsa yake zuwa, ba sai an kashe Secure Boot ba, kuma yana tafiya tare da tsarin duk lokacin da aka sabunta shi. Ya kunna, sai ga hoton fuskar allona ya dawo. Resolve ya buɗe, ya ga katin. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi babu kamarsu a Abuja.

Sai aka zo lissafi. Aka haɗa min kuɗin RAM, kuɗin saka direba, da kuɗin gyaran allo. Gyaran me? Ɓarnar da aka yi a kan teburinsu, da hannun yaronsu? Na yi magana, dattijon ya ce lokacinsa ya ɓata, ya ɗan rage wani abu da bai taka kara ya karya ba. Yaron kuwa ko haƙuri bai ba ni ba, yana gefe yana latsa waya, har yana cewa masu Linux ne ke wahalar da kansu. Maigidansa yana ji bai tsawata masa ba. Ina tunanin mutum nawa aka goge wa aiki a wannan ɗakin saboda sun zo dattijon ba ya nan, suka yarda cewa baƙin allo ba shi da magani sai fomat. Ɗalibi da furojet ɗinsa, ko mai ɗaukar hoto irina.

Laftof ɗin yana aiki sumul tun daga ranar, na miƙa bidiyon bikin a kan lokaci. Ilimin dattijon ba na musunsa, zan iya komawa saboda shi. Amma sai na kira na tabbatar yana shago, kuma za mu yi ciniki tun kafin a buɗe murfin kwamfutar, har da wanda zai biya idan aka ɓata. In ka tarar da yaron shi kaɗai, ɗauki jakarka ka sauko.