Balangun rago a wani ƙaramin gidan gashi da ke Kano

Sai da na je wannan wuri sau uku kafin na yarda in ce wani abu a kansa, domin ba a yanke wa mai nama hukunci da zuwa ɗaya: yau mutum ya dace da rago mai ƙiba, gobe ya faɗa kan tsohuwar tunkiya. Ƙaramin gidan gashi ne a wani layi da ya ratse daga titin Gidan Zoo, rumfar kwano mai tebura huɗu da bencina, sai tabarmi biyu domin masu son zaman ƙasa. Mai wurin mahauci ne ɗan gado, kuma shi da ƙanensa da yara biyu suke gudanar da komai, tun daga sayen dabba a kasuwar 'Yan Awaki har zuwa naɗe nama a takarda.

Balangu shi ne abin da ya cancanci a taso dominsa. Wanda ya saba da masu nama na bakin titi ya san yadda gaggawa take ɓata gashi: a ɗora nama a kan wuta tana ci bal-bal, baya ya ƙone, ciki kuwa yana zubar da jini, sannan a lulluɓe aibin da yaji. A nan ba a ɗora nama sai itacen ya gama ci ya koma garwashi. Na zauna kusa da wayar gashin na ga yadda mai wurin yake tura garwashin gefe guda, ya jera haƙarƙari da cinya a ɗaya gefen, ya rufe su da takarda mai kauri domin naman ya dahu da tururin jikinsa, yana juyawa jefi-jefi yana shafa man gyaɗa kaɗan. Abin da ke fitowa nama ne mai taushi wanda yake barin ƙashi ba tare da kokawa ba, kitsensa ya narke ya ratsa tsoka, romonsa kuma ya taru a gindin takarda.

Da na matso, sai ya yanko ɗanɗano ya miƙo mini a bakin wuƙa, ya ce, "Alhaji, tsoka zalla ko a haɗa da ƙashi?" Na ce masa, "Sarkin fawa, ai daɗin yana jikin haƙarƙari." Ya yi dariya, ya sara mini na naira 5,000, ya ƙara da 'yar hanta a matsayin gyara. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dakon dabbobi ya tashi, kuma kowa ya ga yadda ƙunshin nama ya tsuke a ko'ina, amma abin da aka ba ni ya ishe mu ni da abokin tafiyata, da muka haɗa da gurasa huɗu da aka ɗumama a gefen wuta aka tsoma a romon.

Yajinsu ma na yaba masa. Ana jin citta da masoro da kanumfari kafin zafin barkono ya iso, kuma ba a cika masa ɗunƙulen magi ba, wanda shi ne ciwon yawancin yajin da ake sayarwa yanzu. Albasa ana yanka ta ne a gaban mai saye, ba wadda ta wuni a faranti ta yi yaushi ba.

Tsiren ne bai kai ba, kuma abin ya ba ni takaici saboda har yanzu a tukuba suke gasa shi, a kakkafa tsinke a toka a kewaye wuta kamar yadda aka gada, alhali da yawa sun koma ɗora shi a kan waya. A zuwana na farko ƙuli-ƙulin ya yi yawa har ya danne ɗanɗanon naman, mutum yana tauna kamar gari yake ci. A zuwa na biyu kuwa, abin da aka kawo mini ɗumame ne, ya bushe ya yi tauri, kuma da na yi magana yaron bai musa ba, ya ce na jiya ne ya ragu. An canza mini ba tare da gardama ba, amma da ban yi magana ba da haka zan biya in tafi. Gasasshiyar kaza matsakaiciya ce, ba ta da laifi, ba ta kuma da abin tunawa.

Ta fuskar tsafta, akwai buta da sabulu a ƙofa, katakon yanka a wanke yake, kuma ba sa naɗe nama a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, farar takarda suke saye. Hayaƙi dai sai haƙuri, musamman da hunturu idan iska ta juyo da shi cikin rumfar, don haka mai babbar riga ya san da zamansa. Wurin ya fi dacewa da maza abokai. Wanda ya zo da iyali zai fi samun natsuwa idan ya sa aka ƙunshe masa ya tafi gida.

Bayan sallar isha'i layi yakan yi tsawo, kuma da yake mutum ɗaya ne yake yanka, na taɓa jiran kusan minti 40. Suna karɓar tiransifa, sai dai ba a sallamar mutum sai saƙon kuɗin ya shigo wayar ƙanen, abin da kan ƙara wani jiran idan sabis ya yi rauni. Wanda yake son haƙarƙari ya je tsakanin magariba da isha'i da tsabar kuɗi a aljihu, domin ƙarfe tara ba ta yi sai ya tarar da wuya da ƙafa kawai sun rage a kan waya.