Saye a Jamus: Arha Daban, Gamsuwa Daban

'Yan uwa na gida, kun yawaita tambaya ko kaya sun fi arha a nan Jamus. Masana tattalin arziki ba kuɗin da aka biya kaɗai suke dubawa ba, suna duba amfanin da mai saye ya ci, kuma amfanin nan raguwa yake yi. Kofin ruwa na farko ga mai ƙishirwa ya fi na uku daraja, ko da kuɗinsu ɗaya.

A kantunan nan ba a ciniki, ba a gyara, ba a cin bashi. Amma doka ta tilasta a rubuta farashin kilo ko lita kusa da farashin kaya, kuma yawanci da ƙananan haruffa ake rubuta shi. Wannan shi ne abin dubawa, domin kwali biyu kan yi kama da juna alhali ɗaya giram 400 ne, ɗaya 500. Babban ƙunshi yakan fi sauƙi a kan kilo, sai dai gwauron da ya sayi dankali kilo 5 zai ci kilo biyu da daɗi, sauran su tsiro a ɗaki mai ɗumi. Arhar ta tafi kwandon shara. A nan kam kasuwarmu ta fi tausayin ƙaramin aljihu: mudu, gwangwani, ƙullin gishiri, kowa daidai buƙatarsa ta yau.

Inda suka yi mana nisa shi ne bayan an biya. Abin da aka saya ta intanet ana iya mayar da shi cikin kwana 14 ba tare da faɗin dalili ba, ban da abinci mai lalacewa da abin da aka yi maka na musamman. Baƙi kan ɗauka haka yake a cikin kanti, alhali can alfarma ce ta mai kanti. Sabon kaya mai aibi kuwa yana da lamuni na shekara 2, kuma a shekarar farko mai sayarwa ne zai tabbatar lafiya ya miƙa shi. A ɗauki hoton rasit tun da wuri, rubutunsa gogewa yake yi.

Robar ruwa ma kuɗi ce: yawanci santi 25 na Yuro ake ɗorawa a kan farashi, in ka kai robar kanti bayan ka shanye, na'ura ta mayar maka. Kada a murƙushe ta, in lambar jikinta ta lalace na'urar ba ta karɓa.

Aikin hannu ne ke da ciwo. Mai gyara sai an yi alkawari da shi, kuma kuɗinsa kan kai na sabon abu, ga kantuna a rufe ranar Lahadi.