Cybernator ko Gun Hazard: wanne ya fi cancantar lokacinka?

Wasannin biyu na na'urar wasan bidiyo ta Super Nintendo ne, kuma a kowanne kana tuƙa ƙaton mutum-mutumin yaƙi. Cybernator ya fito a Japan a 1992 da sunan Assault Suits Valken. Matakansa bakwai ne kacal, a zama ɗaya gwani zai gama shi. Abin da ya fi burge ni nauyin ƙarfen ne: in ka yi tsalle ka dira sai ka ji kamar ƙasa ta girgiza, harsashi kuma yana barin tabo a jikin bango. Sai dai fitowar Amurka ta kamfanin Konami an yanke mata hotunan fuskoki da wani ɓangare na labarin, abin da ya rage mata armashi.

Front Mission: Gun Hazard na kamfanin Square, wanda ya fito a 1996, ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Kana bin jarumin wasan, Albert Grabner, daga ƙasa zuwa ƙasa a shekarar 2064, kana tara kuɗi, ka sayi sabon wanzer (sunan mutum-mutumin yaƙi a wasan), ka canja makamai, bindigarka tana ƙara ƙarfi gwargwadon yadda kake amfani da ita. Har fita kake iya yi daga cikin ƙarfen ka taka da ƙafa, ɗan mitsitsi a gaban abokan gaba. Nobuo Uematsu da Yasunori Mitsuda na cikin waɗanda suka tsara kiɗansa.

Aibinsa shi ne in ka tara ƙarfi sosai, faɗan ya kan yi sauƙi, kuma a Japan kaɗai aka sayar da shi. Duk da haka shi nake zaɓa, saboda labarinsa ya fi riƙe ni.